Yadda Ake Zaɓen Dillali Idan Za a Sayi Gida ko a Sayar da Shi

Mafi yawan gidaje da filayen da ke sauya hannu a Kano, Kaduna, Katsina, Sakkwato da kewayen Abuja ta hannun dillali suke bi, kuma da dalili. Dillali ne ke jin labarin gidan da za a saka a kasuwa tun maƙwabta ba su ji ba. Shi ya san nawa aka sallama na bayan layi watan jiya, shi ne kuma ke iya shiga tsakanin mutum biyu da kowannensu ke jin nauyin fara faɗin kuɗi. Ɓarna tana shigowa ne idan aka ɗora masa aikin da ba nasa ba. Aikinsa ya haɗa mai saye da mai sayarwa. Tabbatar da mallaka na lauya ne da ofishin ƙasa, awon iyaka na mai safiyo ne, riƙon kuɗi kuwa na banki. Dillalin da ya yarda da wannan rabon aiki shi ake nema. Wanda ya ce ka bar masa komai, shi zai ji da takardu, shi zai karɓi kuɗin, shi zai kawo lauya, ka yi masa godiya ka nemi wani.

Fara da sanin irin dillalin da cinikin ke buƙata

Dillalin unguwa shi ne wanda ake samu a majalisa ko a wata ƴar rumfa a bakin titi. Sau da yawa ba shi da rajista ko'ina, jarinsa sunansa ne da sanin da ya yi wa unguwar. Ga gidan cikin gari, ko fili awon igiya wanda takardarsa ta mai unguwa ce da dagaci, babu wanda ya fi shi sanin tarihin wurin: gonar waye asali, wa ya yanka ta, hannu nawa fulotin ya bi. Rauninsa shi ne rubutu. Da yawa daga cikinsu da baki suke komai.

Sai masu ofishi da allon suna, waɗanda suka yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Rajistar nan shaida ce cewa kamfanin yana nan da sunan masu shi, kuma ana iya duba sunan a shafin hukumar na intanet. Amma ba shaidar gaskiya ba ce, don maƙaryaci ma yana iya yin rajista. Doka ta kuma wajabta wa masu harkar gidaje yin rajista da SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan safarar kuɗin haram, saboda haka babu laifi ka nemi ganin wannan takarda.

Na uku su ne ƙwararrun masu ƙiyasta darajar kadara, waɗanda suka karanci aikin, suke da rajista da hukumar ESVARBON da aka kafa da dokar 1975, kuma galibi ƴan NIESV ne, ƙungiyar masu wannan sana'a. Suna da lambar rajista da hatimi, kuma akwai inda za ka kai ƙararsu idan suka ci amana. Idan gidan babba ne, ko yana unguwar awon gwamnati, ko banki zai shigo cikin cinikin, su suka fi dacewa.

Masu tallan gidaje a Facebook da TikTok da WhatsApp kuwa, a cikinsu akwai kowane iri. Hoton gida ba ya nuna cewa mai hoton ya taɓa ganin mai gidan. Ka ɗauki talla a matsayin labari kawai, sai ka bi matakan da ke ƙasa kamar yadda za ka bi wa kowa.

Nemo sunaye uku, ka binciki kowanne

Kada ka tambayi wanda ya sayi gida makon jiya, don yana cikin murna, kuma rigimar gida ba ta fitowa da wuri. Nemi wanda ya saya shekara biyu ko uku da suka wuce, ya ga damina a ciki, babu wanda ya zo ya ƙwanƙwasa masa ƙofa da wata takarda. Tambaye shi wa ya haɗa cinikin, nawa ya ba da la'ada, ko ya zauna da mai gidan ido da ido, da kuma ko dillalin ya ci gaba da ɗaukar wayarsa bayan an biya shi. Wannan ta ƙarshe tana bayyana hali fiye da sauran.

Mai unguwa ma majiya ce mai kyau, domin rigingimun fili a ƙofarsa suke fara sauka, ya san sunan da ke yawan fitowa a cikinsu. Haka lauyan da ke yawan rubuta takardun ciniki, da maginan unguwa. Idan suna guda ya fito daga bakin mutum biyu da ba su san juna ba, ka sa shi a gaba.

Sannan ka san gidansa. Ofishin haya ana iya rufe shi cikin dare, layin waya ana iya karya shi, amma mutumin da ke da iyali a unguwa, yana sallah a masallacin da aka san shi, yana da abin da zai yi asara idan ya cuce ka.

Zaman farko

Je ka same shi a wurinsa, kada ku haɗu a gidan mai ko bakin titi. Faɗa masa unguwar da kake so da irin gidan, amma kada ka faɗi iyakar abin da ke hannunka. Wanda ya ce yana da miliyan 30, duk gidan da za a nuna masa miliyan 30 zai zama.

Tambaye shi gidaje uku na ƙarshe da ya sayar a unguwar, a wane layi, kuma nawa aka sallama. Wanda ke aikin da gaske zai amsa ba tare da dogon tunani ba, har ya gaya maka dalilin da ya sa na kan kwana ya fi na tsakiyar layi tsada. Tambaye shi aibin unguwar: ina ruwa ke kwanciya, ina rijiya ba ta kawo ruwa da rani, wane layi ne taransifomarsa ke yawan lalacewa. Dillalin da ya ce babu wani aibi, ko dai bai san wurin ba, ko ya sani yana ɓoyewa.

Sai tambayar da mutane ke jin kunyar yi: a wannan cinikin, wa kake wa aiki, ni ko mai gida? A al'adarmu dillali ɗaya yakan tsaya wa ɓangare biyu, kuma wannan ba haramun ba ne muddin kowa ya sani. Sai dai ka riƙe a ranka cewa la'adarsa tana fitowa ne idan ciniki ya faɗa, kuma tana ƙaruwa idan farashi ya ƙaru. Ko mutumin kirki ne, ba shi ya kamata ya zama alƙalin ko gidan ya dace da kai ba.

Babban gwaji: ya kai ka gaban mai gida

Nan ne ake rarrabe dillali da ɗan kamasho. Gida ɗaya yakan bi ta bakin mutum huɗu ko biyar kafin labarinsa ya iso gare ka. Mai gida ya gaya wa dillali ɗaya, shi ya gaya wa abokinsa, abokin ya tura hoto a wani zaure na WhatsApp, wani ya ɗauka ya kira ka. Kowannensu yana jiran rabonsa, wasu kuma sukan ɗora nasu a kan farashin. Mai gida ya ce a nemo masa miliyan 27, kai kuma a ce maka 30. Idan ka biya ta hannunsu, miliyan 3 ta tafi, sannan su dawo su nemi la'ada a kai.

Saboda haka tun kafin ka yi tayi, ka tambaya: kai ne mai gida ya ba wa gidan, ko ta hannun wani ka ji? Idan ta hannun wani ne, mutum nawa ne tsakaninka da shi? Amsa ta gaskiya ba ta ɓata ciniki. A rubuta sunayen duk masu hannu a ciki, a amince cewa la'ada ɗaya ce za a fitar, su raba ta a tsakaninsu yadda suka ga dama. Idan ba a yi haka ba, ranar biya za ka ga fuskokin da ba ka taɓa gani ba, kowa na cewa shi ya fara kawo maganar.

Dillalai suna da hujjarsu ta ƙin haɗa mai saye da mai gida da wuri: sun sha ganin an zagaye su an gama ciniki a bayan idonsu. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma maganinsa mai sauƙi ne. Rubuta masa takarda cewa idan ka sayi gida kaza ta dalilinsa, la'adarsa kaza ce, ka sa hannu a gaban shaidu biyu. Bayan wannan ba shi da sauran uzuri. Idan ya ci gaba da cewa Alhaji ya yi tafiya, Hajiya ba ta ganin mutane, mai gidan ya ce kada a ba da lambarsa, to ka tsaya nan. Farashin ƙarshe daga bakin mai gida za ka ji shi, shi zai ce albarka, shi zai ce ya sallama.

La'ada: a yanke ta kafin a fara yawo

Abin da aka fi ji a cinikin gida da fili shi ne kashi 5 cikin 100, a haya kuwa kashi 10. Amma al'ada ta bambanta daga gari zuwa gari, har daga unguwa zuwa unguwa. Wani wuri mai sayarwa ke biya, wani wuri mai saye, wani wuri a raba, wani wuri kuma a nemi kowane ɓangare ya ba da nasa cikakke. A gidan miliyan 30, kashi 5 naira miliyan 1 da dubu 500 ne, kuɗin da ya isa a zauna a yi maganarsa a fili. Idan kadarar ta yi tsada sosai, ana neman ragi, kuma ana samu.

Takardar la'ada ba ta buƙatar dogon turanci, da Hausa ma ta wadatar. Ta ƙunshi sunan dillali da adireshinsa, gidan da ake magana a kai, kashi nawa ne, wa zai biya, da lokacin biya. Lokacin nan shi ne bayan an kammala biya, an sa hannu a takardu, an miƙa mukulli. A kuma rubuta cewa idan ciniki ya warware saboda matsalar takarda, babu la'ada. Kuɗin mai na zuwa ganin gida ba laifi ba ne idan kaɗan ne kuma an faɗe shi tun farko. Amma wanda ke karɓar kuɗin gani daga mutum goma a gida ɗaya da ba ya sayuwa, sana'arsa ke nan, ba sayar da gida ba.

Takardu: dillali ya kawo, wani ya bincika

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama ne da amfani, wanda a gidajen zama galibi na shekara 99 ne, kuma takardar shaidarsa ita ce ake kira C of O. Sashe na 22 na dokar ya ce ba a miƙa wannan haƙƙi ga wani sai da amincewar gwamna. Filin da ke da takardar gargajiya a wajen birni kuwa, sashe na 21 ya ce sai da amincewar ƙaramar hukuma. A Abuja, ministan babban birnin tarayya ne ke da ikon ba da fili, shi ya sa takardar basarake ko ta ƙaramar hukuma kaɗai take jefa masu saye cikin wahala a can.

Nemi dillali ya kawo kwafin takardar mallaka, taswirar safiyo, takardun cinikin da suka gabata, rasit na kuɗin ƙasa na shekara-shekara, da takardar izinin gini. Dillalin kirki yakan zo da su tun ba ka tambaya ba. Ka miƙa su ga lauyan da kai ka zaɓa, kai kake biyansa. Lauyan da dillali ya kawo, ko na mai gida, ba naka ba ne.

Lauyan zai shigar da buƙatar bincike a ofishin ƙasa: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, NAGIS a Nasarawa, sauran jihohi kuma a makamantan waɗannan ofisoshi ko a ma'aikatar ƙasa da safiyo. Binciken zai nuna sunan da ke cikin fayil, ko an jinginar da gidan a banki, ko an soke takardar, ko akwai gargaɗin kotu a kai, da bashin kuɗin ƙasa. Sunan da ke fayil ya dace da na katin ɗan ƙasa na mutumin da ke gabanka. Idan bai dace ba, a nuna maka takardun da suka haɗa sunan farko da na yanzu, hannu bayan hannu, babu giɓi. A nan ne ake yawan samun matsala, domin mutane da yawa sun sayi gida sun ajiye takardar da sunan mai ita na farko, ba su taɓa neman amincewar gwamna ba. Ana iya gyarawa, amma yana cin kuɗi da lokaci, sai a yanke wa zai ɗauki nauyin kafin a sallama.

Ka kuma leƙa hukumar tsara birni, KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, a duba ko wurin bai faɗa kan hanya, magudanar ruwa, filin makaranta ko maƙabarta ba. Rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yunin 2023 ya shafi gine-ginen da masu su ke riƙe da takardu, don haka takarda kaɗai ba ta isa ba, sai an san asalin abin da aka ware wurin dominsa. Ƙarƙashin babbar wayar lantarki ma haka: layin 330kV yana da hurumin mita 50, wato 25 kowane gefe, na 132kV kuma mita 30.

Fili awon igiya ba shi da fayil da za a buɗe, bincikensa da ƙafa ake yi. A je wurin mai unguwa da dagaci, a sami maƙwabtan kusurwa huɗu, a nemo mai gonar asali ko magadansa. Kai ka yi wannan zagayen, a ranar da dillali ba ya nan, don mutane sukan faɗi abin da ba za su faɗa a gabansa ba. Ka zo da mai safiyo ya auna, ya duba duwatsun iyaka. Fuloti mai ƙafa 50 a 100 kusan murabba'in mita 465 ne, mai 50 a 50 kuwa kusan 232. Ƙafa uku da maƙwabci ya ci a gefe ba a ganinsu da ido, sai ranar da aka zo haƙa tushe.

Gidan gado da gidan wakilci

Babu cinikin da ya fi warwarewa kamar na gidan gado, kuma dillalai suna son sa saboda magada sukan ƙagu su sayar. Babban wa ba shi da ikon sayar da rabon ƙannensa mata don kawai shi ne babba. Nemi takardar rabon gado daga kotun shari'a, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga babbar kotu. Ƙirga magadan da ke cikinta ɗaya bayan ɗaya, da matan mamacin, da ƴaƴa matan da ke gidajen aurensu, da wanda ke Legas ko Saudiyya. Kowa ya sa hannu da kansa, ko ya ba da wakilci a rubuce. Idan akwai marayu ƙanana, a sami izinin alƙali a kan rabonsu.

Idan kuma rabon mutum ɗaya ake sayar maka a gidan da ba a raba ba, ka san da shuf'a. A mazhabar Malikiyya, abokin tarayya yana da haƙƙin karɓar rabon da aka sayar wa bare ya biya kuɗin da aka saya, ko da an riga an gama ciniki. A fara yi wa sauran magada tayi, su rubuta cewa sun yafe.

Mai riƙe da takardar wakilci kuma, a karanta ta da kyau: an ba shi ikon sayarwa ne, ko karɓar haya kawai? A kira mai gidan ta bidiyo, ya nuna fuskarsa da katinsa, ya faɗi farashi da asusun da za a tura kuɗin. Rubutun nan da kake gani da jan fenti a bangon gidaje, wanda ke cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne, irin wannan cutar ce ta haife shi.

Ganin gida

Dillali zai so ya kai ka da hantsi, lokacin da layi ya yi shiru. Je ka, sannan ka koma kai kaɗai da magariba, in da hali kuma bayan an ɗauke ruwan sama. Cinikin biri a sama shi ne sayen gida da rani a unguwar da ba ka taɓa gani da damina ba. Idan rani ne, bangon maƙwabta zai ba ka labari: akwai layin da ruwa ke bari a jikin siminti, tsayinsa shi ne tsayin ambaliyar bara.

A cikin gida ka duba ƙasan bango. Sabon fenti da ya tsaya a tsayin gwiwa alama ce ta danshi da aka rufe. Shafa da hannu, ƙwanƙwasa da mukulli, idan filasta ta yi ƙarar fanko ko ta zubo kamar gari, gishiri ya ci ta. Ɗaga kai ka duba silin, tabon ruwan ƙasa-ƙasa yoyo ne. Tsagewar da ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa ta fi siririn zanen filasta haɗari, don takan nuna tushe na zama. Ka ga inda sokawe take da nisanta da rijiya. Ɗauki lambar mita ka je ofishin kamfanin wuta, KEDCO ko Kaduna Electric ko AEDC, a duba bashin da ke kai, domin sabon mai gida shi ake matsa wa. Zo da magini ko injiniya naka. Yadda dillali ya karɓi zuwansu ma amsa ce: mai gaskiya zai buɗe musu kowane ɗaki.

Idan da ƴan haya a ciki, tambaye su da kanka yaushe kuɗinsu zai ƙare. A yawancin jihohi ɗan hayar shekara yana da haƙƙin sanarwar wata shida idan ba a rubuta wani abu dabam ba. A sa a takarda ranar da za a ba ka gida babu kowa a ciki.

Ranar biya

"Akwai wani Alhaji da zai kawo kuɗi gobe da safe." Duk mai neman gida zai ji wannan magana. Wani lokaci gaskiya ce, sau da yawa kuwa hanyar hana ka bincike ce. Kawo mai tayin ƙarya don a ɗaga farashi shi ne najashu, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. Idan gidan ya kuɓuce maka saboda ka tsaya bincike, wani zai fito.

Kuɗin kafin alƙalami, wato wanda ake fara bayarwa don riƙe ciniki, idan za a ba da shi, mai gida ake ba, ba dillali ba. A rubuta adadinsa, da kwanakin da aka ba ka na bincike, da sharaɗin cewa za a dawo da shi cif idan aka sami matsala a takarda. Cikon kuɗin a tura ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai gidan, a rubuta dalilin biya a jikin turawar. Dokar hana safarar kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5, kamfani kuma miliyan 10, sai ta banki. La'ada a tura ta dabam, dillali ya ba ka rasit.

A zama ɗaya ake biya, a sa hannu a takardar miƙa mallaka da lauya ya rubuta, a karɓi takardun asali da mukullai. Shaidu su fito daga ɓangare biyu, dillali ma ya sa hannu a matsayin shaida da lambar katinsa. Wanda ya yi ta rantsuwa a kan gidan amma ya noƙe da aka miƙa masa biro, ka dakatar da turawar. Bayan nan lauya ya ci gaba da neman amincewar gwamna, biyan kuɗin hatimi da yin rajista. Fili kuwa ka kewaye shi da wuri, ko da bulo layi uku ne, don filin da aka bari babu alama shi ake sayarwa sau biyu.

Idan kai ne mai sayarwa

San darajar gidanka kafin ka kira kowa. Tambayi nawa aka sallama makamantansa, ba nawa aka sa musu ba, in kuma babba ne ka biya ƙwararre ya yi maka ƙiyasi a rubuce. Ka yi hattara da dillalin da ya faɗa maka farashin da ya fi na kowa, sau da yawa so yake ya karɓi gidan, bayan wata biyu ya fara kawo maka tayin da bai kai ba yana cewa kasuwa ta faɗi.

Kada ka watsa gidan ga dillalai goma. Mai saye ɗaya zai ji shi da farashi huɗu, ya ɗauka akwai matsala ko kana cikin matsi, ya karya tayinsa. Ba mutum ɗaya ko biyu, na wata biyu ko uku, a rubuce, idan wa'adi ya cika babu labari ka karɓe. Guji cewa "ni dai kawo mini kaza, abin da ya hau naka ne". Wannan magana ce ke sa a ɗora wa gidan kuɗin da zai hana shi sayuwa, ko a ɓoye maka mai sayen da ya zo da tayi mai kyau. Sharaɗinka shi ne duk tayin da aka yi a kawo maka shi yadda yake, kuma kai za ka zauna da mai saye.

Takardun asali ba sa barin hannunka. Ba da kwafi, ka ja layi biyu a kai ka rubuta cewa don bincike ne kawai, da kwanan wata. Kada ka sa hannu a farar takarda ko takardar wakilci don a sauƙaƙa maka zirga-zirga. Aibin da ka sani a gidan, yoyo ne ko rigimar iyaka, ka faɗa wa dillali, ka kuma faɗa wa mai saye da bakinka. A shari'a mai saye yana da zaɓin mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa, kuma kai za a nema, ba dillali ba. Mukulli da takardu sai bankinka ya tabbatar kuɗi sun zauna a asusu. Saƙon waya na shigar kuɗi ana ƙirƙirar sa, cek kuma yana iya dawowa.

Idan abu ya ɓaci

Tara komai wuri guda tun ranar farko: takardar la'ada, rasit, shaidar turawa ta banki, saƙonnin waya da na murya, sunayen shaidu. Saɓanin la'ada ko na iyaka yakan mutu a gaban mai unguwa ko shugabannin dillalan yankin, kuma sulhun da aka yi a rubuta shi. Idan dillalin mai rajista da ESVARBON ne, a kai ƙara can da lambarsa. Idan kuwa an sayar maka da abin da ba na mai sayarwa ba, ko an sayar wa mutum biyu, wannan zamba ce, sai ƴan sanda ko EFCC. A lokaci guda lauyanka ya shigar da gargaɗi a ofishin ƙasa, ya nemi kotu ta hana taɓa gidan har a gama shari'a. Kada ka ci gaba da gini a wurin da ake jayayya a kansa, don idan ɗaya ɓangaren ya yi nasara a shari'a, ginin yana iya bin filin.